Bargon da Baba Ya Ɗaure wa Aharas

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa kiran sunan Babanmu ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na unguwar Sheshe a wancan zamani uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa faɗa baki da baki. In ya zo gaishe ta bayan sallar isha'i, yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon garwashi. Mu yara ba mu ga abin mamaki a ciki ba, haka muka tashi muka tarar.

Da sanyi ya shigo, ɗakinta ne matattararmu. Takan hura gawayi a kasko, ta binne dankali a cikin toka, mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu. Ni takan kira ni angonta, ta ce ban taɓa kawo mata ko goron kwabo ba, sai cinye mata dankali. Mahaifinta mutumin Barno ne, mai fataucin dawaki, kuma a cikinsu ta yi wayo. Ko daga ɗaki ta ji takun doki, tana iya gaya maka ko lafiyarsa ƙalau.

Baba yana da doki guda, aharas, wato mai jan gashi, wanda ake ɗaurewa a fili tsakanin zaure da cikin gida. Da shi yake zuwa gonarsa a bayan ganuwa, kuma shi da kansa yake ba shi harawa da dusa, ba ya yarda kowa ya taɓa. A shekarar da nake ba da labari, ya yi doguwar tafiya ƙauye wajen ta'aziyya, ya dawo bayan magariba cikin tsananin ɗari, dokin ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya sauke sirdi a cikin duhu, ya ɗauko wani bargon ulu mai kauri da shi kansa yake ji da shi, ya rufa wa dokin a kan jiƙaƙƙen baya, ya ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki. Ya ce kada wanda ya ɗaga bargon nan sai sanyi ya yi sauƙi. Kashegari mura ta kwantar da shi, hanci ya toshe, ya yi kwana da kwanaki bai hau ba.

Wajen kwana na shida aka fara jin warin. Da farko kamar ɓera ya mutu a rami, daga baya ya koma wani ɗoyi mai nauyi da yake maƙalewa a maƙogwaro. Mukan toshe hanci mu wuce da gudu. Mahaifiyarmu ta sa aka share kwata, aka duba rumbu, ta kunna turaren wuta. Dokin ya daina cinye dusarsa, yana ta buga ƙafa, yana murɗa wuya zai ciji bayansa. Baba kuwa yakan fito lulluɓe da mayafi, ya gyara igiyar bargon, ya shafa wuyan dokin, ya ce sanyi ne ya hana shi ci.

Ranar da ya samu ƙarfin zuwa gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofar Kaka kamar kullum. Kafin ya miƙe sai ta ture masa kaskon wuta da ƙafa, ba tare da ta dube shi ba. Ya tsaya yana jin ɗumi. Ita kuma ta juyo gare mu.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," in ji ta, yadda takan buɗe tatsuniya. Muka ce ta shigo.

Ta ce a wani gari an yi wani attajiri mai farin doki, yana ƙaunarsa fiye da kansa. Da ɗari ya zo ya rufa masa bargo a kan gumi, alhali sirdi ya ɗan goge masa fata, wuri bai fi kan ɗan yatsa ba. Sai ga wata macen ƙuda, sanyi ya kore ta daga mahauta, tana neman masauki. Ta leƙa ƙarƙashin bargo ta tarar da ɗaki mai ɗumi, ga laima, ga abinci a buɗe. Ta shiga ta yi ƙwai. Kwana uku 'ya'yanta suka fito farare tas, aka yi suna, aka gayyato dangi.

Kaka ta iya kwaikwayon muryar tsutsa. Ta matse hanci ta ce, "Inna, wa ya gina mana gidan nan? Uwar ta ce, wani bawan Allah ne, ku yi ta yi masa addu'a, kullum sai ya zo ya gyara mana rufi."

Muka yi dariya muna yamutsa fuska. Ƙanwata ta ajiye dankalinta ta ce ta ƙoshi.

Ta ci gaba da cewa wari ya cika gidan attajirin. Duk ranar da warin ya ƙaru, sai ya ce sanyi ne yake damun dokin, ya ƙara bargo, har suka kai bakwai. Ranar da zai je gaida surukansa ya ɗora sirdi a kan barguna, ya hau. Ungulaye suka biyo shi a sama, ya ce ku dubi, har tsuntsaye sun san mutunci. Yana isa ƙofar surukai ya gyara zama, sai bayan dokin ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, mugunya ta tsiyayo ta cikin barguna bakwai, ta bi wandonsa har cikin takalmi. Dokin ya durƙusa bai sake tashi ba.

Yayana ya tambaya me ya sa dokin bai faɗa ba tun da wuri. Kaka ta tono dankali guda, ta hure tokar.

"Ya faɗa. Ya bar ci, ya buga ƙafa. Da wane baki kuma kake so ya faɗa? Mai doki da hannu yake ji, ba da ido ba. A goge gumi da ciyawa sai baya ya bushe, sannan a rufa. Gari na wayewa a yaye, a shafa. Ta ƙare, kowa ya tafi da rabonsa."

Da na waiga bakin ƙofa, Baba ba ya nan.

Da safe bayan ya dawo daga masallaci ya kwance igiyar. Bargon bai ɗagu ba, ya manne da fata. Sai ga Kaka ta fito da ƙwaryar ruwan ɗumi da gishiri, ita da ba ta taɓa ƙetare ƙofar cikin gida ba in yana wurin. Ta ce mini in gaya wa mai gidan nan kada ya fizga, ya jiƙa tukuna. Yana tsaye dab da ita, amma sai da na maimaita. Da bargon ya saki, ya taho da gashi da fata. Miki ne kamar faɗin faifai a daidai mazaunin sirdi, gefensa ya yi kore, tsakiyarsa tana motsi. Na juya na yi amai a gindin turke. Baba, da toshewar hancinsa da komai, sai da ya ja da baya yana salati.

Kaka ko fuska ba ta yamutsa ba. Ta hau kan turmi ta sa aka riƙe mata kan dokin, ta ɗauki tsinke tana tsame tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya tana jefa wa kaji. Ta wanke, ta barbaɗa garin bagaruwa. Kullum safe da yamma haka ta yi har sanyi ya wuce. Bargon kuwa Baba ya ƙona shi a bayan gida, warin ulu da mugunya ya kwana biyu a unguwa.

Dokin ya rayu, amma bayansa bai sake ɗaukar sirdi ba. Da an ɗora sai wurin ya tsage. Ya ƙare kwanakinsa a gona yana kiwo, Baba kuma ya koma zuwa da ƙafa, bai sake sayen wani ba.

Na yi yawo bayan haka. Na ga yadda ake riƙon doki a duwatsun Maroko da ƙauyukan Turkiyya, inda ruwa yake daskarewa a bokiti, abin da ba mu taɓa gani a Kano ba. Ko'ina abin da ta faɗa nake tararwa: a busar, a rufa, a yaye da safe. Na sha ba abokai labarin nan cikin harsuna dabam-dabam, kullum ina yabon hikimar tsohuwar da ta yi wa ɗanta faɗa ba tare da ta karya kunya ba. Sukan ji daɗi, ni ma haka.

Sai da na tsufa na zauna na ƙirga kwanakin. Macen da take gane ciwon doki daga takunsa ta san abin da ke ƙarƙashin bargon nan tun ranar da warin ya fara, watakila ma kafin nan. Ta jira kwana huɗu har ɗanta ya zo bakin ƙofa, don ta samu hanyar da ta dace. A kwana huɗun nan mikin ya tashi daga abin da gishiri zai warkar ya koma abin da ya kashe bayan doki. Ba ita kaɗai ba. Mu tara ne a gidan, takwas hancinmu lafiya lau. Igiyar ba ta da kwaɗo, ƙulli ɗaya ne, ko ni mai shekara goma zan iya kwance shi. Yanzu in na tuna, ba tsutsotsin ne suke tayar mini da zuciya ba. Mu ne, muna wucewa ta gefen dabbar nan safe da yamma, kowa da hannu a hanci, kowa da ladabinsa.