Asabar ɗin da Baba ya ba ni babur ɗinsa

Jiya na danna gaban babur ɗina, sai mai ya tsattsafo daga shokazoba, ƙarfen nan mai rage girgiza, ya ɓata mini yatsu. Warin man nan ya tuno mini da Baba, tsohon makanikin da ke haɗa mu hawan daji duk Asabar, daga Romi zuwa ƙauyukan bayan Rido.

Kafin mu tashi, yakan bi baburan ɗaya bayan ɗaya, ya danna kowanne da ƙirjinsa, ya saki, ya kasa kunne.

Wata safiya da damina ya zo kan nawa, ya shafa ƙarfen, ya nuna mini yatsansa jiƙe da mai.

"Wannan ba za shi ba, Malam."

"Haba Baba, ɗan yoyo ne fa. Sati guda cur ina jiran fitar nan."

"Ɗan yoyon ne zai kayar da kai a gangaren rafi. Me zan gaya wa maiɗakinka?"

Na ɓata rai. Ya yi dariya, ya miƙo mini makullin nasa, babur ɗin da bai taɓa ba kowa aro ba.

"Ungo. Ka lallaɓa mini shi cikin taɓo."

Muka bar shi a tsugune yana warware gaban babur ɗina. Da muka dawo da la'asar ya gyara shi tsaf. A satin nan ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ashe fitarsa ta ƙarshe ya bar mini.

Allah Ya jiƙansa, Ya sauƙaƙa masa hanya yadda ya sauƙaƙa mana tamu.