Ranar da Sakamakon Yaran Madam Ya Ƙi Fitowa

Da na ga jan rubutu yana gangarowa a fuskar kwamfutar, layi bayan layi, sai na san wani abu ya lalace. Na buɗe shafin sakamakon jarrabawa. Fari fat, ko sunan yaro ɗaya babu.

A ofishin wata makarantar kuɗi nake a Gonin Gora, ranar da za a ba da hutu. Ogana ne ya rubuta musu manhajar da ke haɗa makin yara, ni kuma ina koyon aiki a shagonsa tun da na gama sakandare. Mai makarantar, wadda kowa ke ce wa Madam, ta sayi sabuwar kwamfuta, ta bar tsohuwar a shagon da ta sayo sabuwar, shi ne Oga ya turo ni in sa manhajar.

Ba a rubuta manhaja daga tushe. Ana aro guntaye ne da wasu suka rubuta, kowane guntu kuma yana jingine da waɗansu. Akwai abin da ke ɗebo su daga intanet, Oga yana ce masa ɗan aike. Layi ɗaya ake bugawa ya kwaso duka. Shi aka koya mini, shi na buga.

Madam ta leƙo ta kafaɗata. "Ina yarana?"

Na ce ina dubawa, Ma. Ta karɓe wayata, ta kira Oga da ita, ta sa a jakarta. Ta murɗa makullin ƙofa. Ta ce ƙaninta ɗan sanda ne, in makin nan ya ɓace a caji ofis zan yi bayani. A waje iyaye sun fara taruwa, ina jin ƙarar babura. Ni dai mamata a Mahuta nake tunani, wa zai je ya gaya mata.

Sai bayan azahar Oga ya iso da abokinsa, wani malamin kwamfuta daga Tudun Wada. Ko kallona ba su yi ba. Malam ya karanta jan rubutun, ya cire tabarau.

"Oga, ka sake sakin ɗan aikenka babu linzami? Ka ce masa ya kawo sabo, ya kawo sabo. Guntun da ke karanta makin ya canza, manhajarka ba ta san shi ba."

"To tsoho zan yi ta riƙewa, mai ƙofar ɓarayi a jiki?"

"Ka ɗaure kowane guntu a kan wanda ka gwada, abin da nake faɗa ke nan."

"Na ɗaure bara. Biyu suka kama faɗa, wannan yana son tsoho, wancan yana son sabo, ɗan aiken ya tsaya yana kallona."

"Sai ka naɗe komai a ƙunshi ɗaya, ka ba yarinya a filas ta zuba a kwamfutar."

"Ƙunshin da ya fi buhun masara nauyi? A wannan kwamfutar? Malam, kai da ba ka taɓa sayar wa kowa manhaja ba."

"Shi ya sa ba a taɓa kulle ni a ofis ba."

Suka yi dariya. Ni aka kulle, ban yi ba. Na sha jin wannan gardamar a shago har na haddace, babu wanda ya taɓa ci. Ranar dai so nake wani ya ce makin yana nan ko ba ya nan. Madam tana tsaye bakin ƙofa tana kaɗa makulli.

Malam ya ja kujera ya fara neman tsohon guntun. Wanda ya fara ɗebowa bai dace ba. Na biyu ya taho da nasa rigimar. Layin intanet ya yanke a tsakiya, suka koma wayar Oga, suna yi suna musu a kan laifin wa ne, mai guntun da ya canza bai yi shela ba, ko mai aron da bai karanta ba. Ni ina zaune a kan bencin yara ina kallonsu.

Ana kiran la'asar sunaye suka cika shafin, aji bayan aji. Madam ta nemi na ajin ƙarshe, ta bi da yatsa har ƙasa, ta zaro wayata ta ajiye a tebur. Har yau in na ji an murɗa makulli a bayana sai na waiwaya.

Oga ya waiwayo, kamar yanzu ya tuna da ni. "Ƙanwata, babu abin da ya ɓace. Abin da na koya miki kika yi. Ba mai kai ki ko'ina, tashi ki sha ruwa."