Hajiya Raheema da Kilishin Ɗakin Wanki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, bakwai ga watan Fabrairu, 2018, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Raheema Abubakari, mutuniyar zangon Kumasi, mai ɗaki na biyu a hawa na biyu na gidanmu na gama kai da ke arewa maso yammacin Washington. Ta rasu a asibiti bayan jinyar kwana tara, tana da shekara sittin da takwas. Ta bar 'ya guda, Wahida, wadda suke zaune tare, ta kuma bar gida mai hawa huɗu wanda har yau bai gane yadda zai yi ba tare da ita ba.

Ni ba gwanin yabon mutane ba ne. Na zo ƙasar nan a 1984 don in yi digirin digirgir a fannin tattalin arziki, sai tattalin arzikin ya fara da ni. Na ƙare a kujerar tasi. Matata ta kwashe yara ta koma Springfield, abokan karatuna sun koma gida sun zama manya, ni kuwa na zama wanda ya san duk wani lungu tsakanin filin jirgi da ofisoshin jakadanci. Wanda rayuwa ta yi wa haka ba ya saurin cewa wane mutumin kirki ne. Amma ke Hajiya, dole in faɗa, ko da a makare.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ɗaki talatin da biyu ne, kuma babu mai gida. Lokacin da tsohon mai ginin ya so sayarwa, 'yan haya suka haɗa kai suka saye shi da taimakon hukumar birni, kuma ke kika bi su ƙofa-ƙofa har suka sa hannu. Sharaɗin shiga shi ne samun mutum kada ya wuce wani ƙa'idajjen mizani. Wato jarrabawa ce da ake ci da talauci, kuma ita kaɗai ce jarrabawar da na ci a Amurka ba tare da na yi karatun dare ba. Kowa yana da kaso a gidan, kowa yana da aikin da zai yi, kwamiti kuma shi ke hukunci. Wanda ya tara takardar gargaɗi uku, kwamiti na iya kaɗa ƙuri'a a raba shi da ɗakinsa. A waje kuwa unguwa ta canza. Inda muke sayen gawayi da garin masara ya zama shagon kofi, samari masu yawo da karnuka sun cika titi, kuɗin hayar ɗaki guda ya kai abin da nake samu a wata biyu. Wanda aka fitar daga gidanmu, daga birnin aka fitar da shi.

Zuwa ƙarshen 2007 ina da gargaɗi biyu. Na farko saboda kwalayen kundin digirina da na jibge a kan matakalar gudun gobara. Na biyu saboda na ƙi fitar da shara a makona, na kuma rubuta wa kwamiti wasiƙa mai shafi uku ina bayyana dalili. Ke ce shugabar kwamiti a lokacin. Kika ce mini, “Furofesa, wasiƙar ta yi kyau. Sharar fa, ita ma ta karanta?”

Tun daga ranar ban sake taka zauren taro ba. Takardun kwamiti da ake zura mini ta ƙarƙashin ƙofa kuwa, da su nake shimfiɗa in yanka albasa.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo a tsakiyar Disamba. Na yi layya a wata gona a Virginia, na dawo da cinya biyu, sai kewar kilishi ta kama ni, irin kewar da ba ta jin lallashi. Na zauna na yanka naman siriri-siriri kamar yadda na ga mahauta suna yi ina yaro. Na haɗa labu da yaji da citta da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba, irin wadda yaran nan ke shafa wa burodi. Saura rana. To rana a Washington cikin Disamba suna kawai take da shi. Na shanya a taga kwana biyu, naman ya yi sanyi ƙalau yana kallona.

A nan ilimi ya yi mini rana. Na ce, mene ne rana in ba zafi da iska ba? Ga shi kuwa a ɗakin wanki na ƙarƙashin ƙasa muna da injinan busar da tufafi guda uku, masu ba da zafi da iska a lokaci guda. Ranar Juma'a da la'asar, mutane ba su taso daga aiki ba, na zuba naman da labunsa cikin rigar matashi biyu, na ɗaure baki, na jefa a injin tsakiya, na kunna, na zauna ina jin daɗin kaina. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne injin juyawa yake yi. Minti ashirin, ɗaurin ya kwance.

Ina durƙushe, kaina cikin injin, ina kankarar labu da cokali, na ji takunki a matakala. Kika tsaya a bakin ƙofa, kika toshe hanci da gyale, kika ƙi shigowa. Na ɗauka raini ne.

“Furofesa, me ke nan?”

“Gwaji nake yi, Hajiya.”

“Ya yi?”

“Da saura.”

“Gargaɗi nawa gare ka?”

Na ce biyu. Kika ce in goge iyakar iyawata, in hau sama, kada in gaya wa kowa.

Na goge iyakar iyawata, amma iyawata ba ta kai bayan gangar injin ba. Washegari da safe Madam Constance, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, haifaffiyar birnin nan, ta sauko da fararen rigunan mawaƙan cocinsu guda goma sha biyu, waɗanda za a sa a bikin Kirsimeti. Suka shiga farare, suka fito da launin miyar taushe. An ce an sake wanke su sau uku, amma duk da haka ranar bikin atishawa ta fi waƙa yawa a sahun gaba.

Aka kira taron gaggawa. Ban je ba. Ina ɗaki ina duba kwalayena, ina tunanin wanne zan ɗauka wanne zan bari. Daga baya na ji abin da ya faru. Kin tashi a gaban mutane kin ce naman naki ne. Kika karɓi takardar gargaɗi ta farko a rayuwarki, kika sayi sababbin riguna, kika sauka daga shugabancin gidan da ke kika kafa shi, domin kin ce wadda ta gasa nama a injin wanki ba ta da bakin yi wa wani faɗa a kan shara.

Da yamma kika ƙwanƙwasa mini ƙofa, kika miƙo mini makullin ɗakin wanki da tsintsiya.

“Duk Asabar, ƙarfe takwas. Ka share, ka goge, ka cire dattin zare daga injinan. Ranar da ka fasa, bakina zai buɗe.”

Shekara goma ban fasa ba, sai lokacin da ciwo ya kwantar da ni. Na yi ta da zazzaɓi, na yi ta da ciwon baya, na yi ta dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar gida. Kuma ban yi ta da daɗin rai ba, Allah Ya sani. Sau da yawa ina shara ina ƙirƙiro miki sunaye a zuci. Ke kuwa sai ki sauko bayan kin taso daga aikinki na kula da tsofaffi, ki zauna a kan benci da kofin koko, ki miƙo mini nawa, ki nuna mini lungun da na tsallake. A kan bencin nan kika sa na san sunayen mutanen da na yi shekaru ina wucewa ba gaisuwa. A nan kika ɗora mini cika wa sababbin zuwa takardun asibiti da na makaranta, kina cewa, “Ku kai wa Furofesa, ba shi da aikin yi.” Ranar da hawan jini ya kayar da ni a 2013, ke kika lura ƙarfe takwas da kwata ta yi ban sauko ba, kika sa aka ɓalle ƙofa. Ke kika kira 'ya'yana, kika yi musu faɗa da Hausar da suke ji amma ba sa mayarwa, har suka fara zuwa. Wata biyu kina aiko mini da wake da shinkafa marar gishiri. Da na warke kika ce, “Asabar takwas ake bin ka.”

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda marigayiya ta yi wa ba daidai ba ya yafe. Na ce na yafe, ina ganin ni ne ma ya kamata in nemi gafara.

Bayan sadakar bakwai, Wahida ta gaya mini ta nemi a mayar da kason ɗakin da sunanta, kuma kwamiti zai duba fayil ɗin mahaifiyarta kafin ya amince. Takardar gargaɗin nan ta kilishi tana cikin fayil ɗin, kuma tawa ce. In na yi shiru, za ta iya jawo wa marainiya rasa ɗaki. In na yi magana, gargaɗina ya cika uku. Kwana huɗu ina jujjuya abin. Ba zan yi ƙarya in ce jarumtaka ta zo mini da wuri ba, har farashin ɗaki na tambaya a Annandale, can wajen birni, na ji abin da ya sa na zauna.

Ranar Talatar da ta wuce na sa babbar riga na sauka zauren taro, karon farko cikin fiye da shekara goma. Madam Constance ce shugaba yanzu, ta kusa tamanin. Na fito da jawabi mai shafi huɗu. Ina tsakiyar shafi na biyu, inda nake bayanin zafi da iska, ta ɗaga hannu.

“Mista Salam, zauna. Raheema ko ƙamshin gyaɗa ta ji fuskarta kumbura take yi. Kowa a ginin nan ya sani. Ka zaci mun yarda ita ta yi?”

Na tuna gyalen da kika toshe hanci da shi. Na ce to, ga ni, na shirya karɓar gargaɗi na uku.

“Wane na uku? Gargaɗi yana mutuwa bayan shekara uku. Tun 2009 aka yi dokar, Raheema ce ta kawo ta. An zura maka takardar ta ƙarƙashin ƙofa.”

Na san abin da na yi da takardar. Aka amince da Wahida cikin minti biyu, aka wuce zuwa maganar ɓeraye.

A matakala na tsayar da Wahida, na ce, “Kin sani?” Ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce, “Kawu, Mama ta ce kada a gaya maka. Ta ce in ka sani, ba za ka sake saukowa ba.”

To, Hajiya. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai digiri biyu ya yi shara shekara takwas da 'yan watanni a kan barazanar da ta riga ta mutu, kina zaune a benci kina shan koko kina nuna masa lungu. A wurin jana'iza na ce na yafe ban san me nake yafewa ba. Yanzu na sani, kuma na sake yafewa, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini sunayen da na kira ki da su a zuci. Wahida ta tambaye ni wa za a ba makullin. Na ce a bar shi inda yake. Jiya Asabar na sauka ƙarfe takwas, na share har lungun bayan injin tsakiya, ba wanda ya nuna mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Wahida, da 'yan'uwan marigayiya na Kumasi da Akra, da jama'ar zango mazauna nan, da Madam Constance, da dukan mutanen gidanmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Raheema, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya yalwata mata shi. Yadda ta rufa asirin wanda bai cancanta ba, Allah Ya rufa nata ranar da asirai za su tonu. Ya ba ta gida a Aljanna Firdausi wanda ba a fitar da kowa daga cikinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Abdussalam Sirajo Rano
Washington