Dutsen Niƙan da Baffa Ya Farfasa

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Bukkuyum, akwai dutsen niƙa da ba irin na kowa ba. Baƙi ne wuluk, an zagaye gefensa da zane, layuka masu lanƙwasa kamar sawun maciji, da ɗigo-ɗigo a tsakani. Kakata ta ce surukarta ce ta tono shi a wani kufai bayan gari, inda wasu mutanen dā suka taɓa zama, ba wanda ya san ko su wane ne. A kansa na koyi niƙa tun ina 'yar budurwa. Cikinsa ya yi kwari saboda hannuwan mata da suka wuce ta kansa.

Baffa, ƙanen mahaifina, mutum ne da bai taɓa gama kunya guda a gona ba tare da ya nemi inuwa ba. Shekarar da zinari ya ɗauke hankalin maza, ya tafi Bagega, ya yi wata biyu, ya dawo da baƙin tabarau da dogon bayani. Dutsen da ya shekara talatin yana tsallakewa, ran nan ya tsuguna gabansa yana shafa zanen kamar mai karatun allo.

"Inna," ya ce wa Kaka, "wanga zane alama ce. Mutanen dā, zinari suka ɓoye ciki."

Kaka ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Wanga dutse gero ya sani. Tashi ka ba ni wuri."

Ya jira ranar kasuwa, da gida ya yi shiru, ya sa wa dutsen guduma. Muka dawo muka tarar da gurbin kawai, da ɓaraguzai. Ya ɗaure buhu a babur ya kai wa masu injin niƙa duwatsu, aka niƙe dutsen ya zama gari, ya wuni bakin gulbi yana wankewa a kwano. Abin da ya samu laka ce mai launin toka. Bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi mai injin ne ya sace zinarin, kuma har yau haka yake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi.

Kaka ba ta yi masa faɗa ba, ta dai daina duban gefen da yake. Ta aika garin Gummi aka sayo mata wani dutse fari, sabo, mai zubar da yashi. Wata uku muna tauna tsakuwa a tuwo.

Kuma Baffa ne ya fara ƙorafi. Ya ture akushi ya ce haƙoransa za su ƙare.

Kaka ta jawo akushin ta miƙa mini. "Ki cinye," ta ce. "Shi attajiri ne, ya tafi kasuwa ya sayi shinkafa."