Yanke, kada ka aske

Shekarar da fari ya matsa mana a Gidimuni, saniya guda ta rage mana, haƙarƙarinta duk a waje. Ciyawa ta ƙare sai gambar da ke kan tudu, bisa lambunmu. Maƙwabta tuni suka tumɓuke tasu har saiwa suka ba dabbobi. Baba ma ya wasa fartanya, ya ce da safe zai hau.

Bayan magariba Kaka, uwar Baba, ta iza kara a wuta, muka kewaye ta. Ba mu take kallo ba, bayan Baba take kallo.

"Ga ta nan tafe," ta ce. "Mai kunne ya matso."

Wai Tudu da Rijiya 'yan uwa ne. Tudu ce babba, tana zaune sama da gashi har baya. In ruwa ya sauko, gashin nan ne ke tace shi, ya isa wa ƙanwar garau. Sai wani mutum ya zo ya aske Tudu ƙwal, ya yi jinka da gashin. Da damina ta faɗi, Tudu ta yi kukan kunya, hawayenta duk rairayi da kashin jaki, suka cika wa ƙanwar ido. Rijiya ta makance.

Baba ya ce, "Inna, tatsuniya ba ta cika cikin saniya."

"Wa ya sa da kai? Da yara nake. Amma tun da ka ji: yanke, kada ka aske. Kan uwarka ne?"

Muka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Da safe dai na ga ya jingine fartanya ya ɗauki lauje.

Abin da lauje ya samo bai isa ba, saniyar ta mutu kafin ruwa. Baba ya daɗe ba ya zama wurin hira.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi. Rijiyoyin da ke ƙarƙashin askakken tudu suka cika da jar laka, yara suka yi ta zawo. Ta lambunmu kuwa kana hango gindinta. Unguwa duka a nan ta sha, kuma daga tushen gambarmu aka ɗebi irin dashe.

Yanzu ni ce mai zama bakin wuta. Tudun ya sake yin gashi, ina kuma lura da duk mai hawansa. Jiya jikana ya saɓa fartanya zai nufi can. Sai na miƙa masa lauje.