Ni Ne Kai, Sai Ga Gammo

Duk wanda ya ga wani ƙato mai gemu jiya a Matameye, ɗauke da kwanon hatsi a ka ya nufi injin niƙa, to ni ne.

Bakina ne ya ja mini. A majami'a fasto ya ce miji shi ne kan gida. Da ya zo kan maganar hidimar da miji zai yi wa matarsa kuwa, gyangyaɗi ya kwashe ni.

Muna komawa gida na dubi matata Rahila, ga ta da tsohon ciki, na ce, "Kin dai ji da kunnenki, ni ne kai!"

Ta ce, "Na ji, maigida." Ta naɗe tsohon zanenta ta yi gammo, ta ɗora mini. "Ai kai ake aza wa kaya."

A hanya maƙwabcina Alhaji Sani ya taka birki. "Malam Bulus, lafiya?"

Na ce, "Shugabanci nake yi, Alhaji."

Ya ce, "Allah ya ƙara girma. Amma bi ta lungu, kada Hajiyata ta gan ka, ni ma ta aza mini."

Har yanzu wuyana bai juyawa. Ita kuwa shekara tara tana ɗaukar kwanon nan, ban taɓa jin ta ce wash ba.

Maza, wa ya taɓa gwada gammo?