Ni na karya gorar Altine

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shirin karyawa, waya ta shigo daga Goronyo: Altine mai fatsa ya rasu.

Yawancinku ba ku san shi ba. 'Yan garinmu da suka san shi kuwa, da sunan banza suka san shi: Ɓarawon Gurbi. Ni na jawo masa sunan nan, kuma yau zan faɗa.

Garinmu na bakin gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Altine ya girme ni da shekara biyar. Shi ya koya mini ɗaura ƙugiya, shi ya taɓa cire mini ita daga babban yatsa yana yi mini dariya. In ya kamo tarwaɗa biyu, ɗaya ta innata ce.

A wancan zamani, Turawa ba su tafi ba, akwai gurbi mai zurfi da Sarkin Ruwa ke rufewa sai ranar su, ranar da gari duka ke shiga kamun kifi. Mai fatsa yana iya tsayawa a gaɓa ya jefa, amma gorarsa ta fatsa kada tsawonta ya wuce gaba biyu. Tsofaffi sun auna: gora gaba biyu, komai ƙarfin mutum, ƙugiyarta ba ta kai gurbi.

Altine yakan ce mini, "Doguwar gora tana kai ƙugiya nesa, amma ba ta jin magana. Gajera ita ka aje ta inda kaka so."

Sai wani Bature ya zo rangadi. Ya sauko gulbi da 'yar sandarsa mai ƙarfen naɗe zare, yana neman giwan ruwa. Ni kuwa na dawo hutu daga makarantar Midil, ɗan malamin hakimi, Turancina bai cika cokali ba amma kaina ya cika tulu. Aka ce in yi tafinta.

Baturen ya jefa, zare ya yi ta warwara, ya wuce na kowa. Ya dubi gorar Altine, da ke fatsa a gefe, ya yi tambaya. Tambaya ce kawai: in gora ta ƙara tsawo, jifa na ƙara nisa?

Ni kuma ina so in ga an wuce jifar Baturen an kunyata shi. Na ce wa Altine, "Ya ce ka haɗa biyu ka jefa shi gani."

Altine ya ce, "Ɗan Malam, hwaɗa mai in anka haɗa biyu, gurbi za ta hwaɗa."

Ban san gurbi da Turanci ba. Na juya na yi wa Baturen 'yan surutai, na dawo na ce, "Ya ce ba ruwanai. Ka jefa."

Wa ke ce wa Bature a'a a lokacin? Altine ya ɗaure gora biyu da igiyar rama, gaba huɗu ba kaɗan. Ya ja baya, ya kaɗa ta da hannu biyu. Ƙugiya ta wuce inda ta Baturen ta tsaya, ta faɗa tsakiyar gurbi. Kafin ya janye, giwan ruwa ya kama.

Baturen ya yi ta murna. Aka ɗauke shi hoto da kifin, ya sa a mota, ya koma Sakkwato.

Washegari aka kira Altine gaban Sarkin Ruwa. Ya ce umarni aka ba shi. Aka aika aka tambayi akawun Baturen, ya ce maigidansa bai ba kowa umarni ba, kuma gaskiyarsa. Aka juyo gare ni. Babana na zaune a wurin da rawaninsa. Na ce ban tuna ba.

Aka karya gorarsa a gaban jama'a, aka hana shi gulbi.

Mutumin da kakanninsa ba su san wata sana'a ba sai ruwa, ya ƙare yana ban-ruwan albasa a fadamar Goronyo. Ni na zama malamin makaranta, na zama hedimasta, na yi ta koya wa 'ya'yan mutane cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Har fansho nake ci a kan haka.

Abin da ya fi ci mini rai, duk shekara sai ya aiko mini da albasa. Ni kuma in karɓa, in ce a gaishe shi.

Watan jiya na ji jikinsa ya yi tsanani, na hau mota na tafi. Na same shi kwance a zaure, ido ya tafi. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Bari wahal da kanka, Ɗan Malam. Tun a bakin gulbi nis sani. Bature ya yi magana taƙi guda, kai ka yi kamu ukku."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce ya gafarta mini.

Ya ce, "Ni na yahe tun tuni. Amma jikokina har yau ɗiyan Ɓarawon Gurbi aka ce musu. An hana ma guda mata a kai. Mi za ni yi da yahewa? Ka zo ran Juma'a ka hwaɗi ƙohwar masallaci, in ji da kunnena."

Na ce in sha Allahu.

Juma'a ta farko na ce ƙafa ke ciwo. Ta biyu aka yi ruwa. Ta uku ba ni da ko dalili. Ɗansa ya gaya mini a waya cewa duk ukun sai da ya sa aka ɗauke shi aka kai shi ƙofar masallaci, ya zauna har mutane suka watse.

To, ga shi na faɗa. Altine bai saci kifin kowa ba. Ni na yi ƙarya, sau biyu a bakin gulbi, sau ɗaya gaban Sarkin Ruwa. 'Yan garinmu da ke nan, ku karanta wa tsofaffinku. Ran addu'ar uku zan tsaya in maimaita da bakina, ko da wanda ya nemi ji ba ya nan.

Allah Ya jiƙan Altine, Ya yafe masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya wanke sunan zuriyarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni kada ku ce mini komai a ƙasa, shi za ku roƙa wa.